Kainis Ɗin da Ya Tsinke Dabaibayi: Nazarin BCR-ABL1 a Sankarar Jini ta CML

Hoton da aka fi gani a mai sankarar jini ta CML shi ne wannan. Magidanci ya yi watanni yana fama da kasala, yana ramewa, gumi na jiƙa shi da dare, kuma da ya yi loma kaɗan sai ya ji ciki ya cika. In aka danna ƙasan haƙarƙarinsa na hagu sai a ji saifa ta sauko, wani lokaci har ta wuce cibiya. A inda zazzaɓin cizon sauro ya saba kumbura saifa, irin wannan mutum yakan sha maganin maleriya zagaye biyu ko uku kafin wani ya ce a ƙirga jini. Ƙirgar ce ke tona asiri. Lafiyayyen mutum yana da fararen ƙwayoyin jini tsakanin 4,000 da 11,000 a kowace maikurolita. A nan sai a ga 100,000, ko 200,000, ko fiye. In suka yi yawa sosai jini yakan yi kauri ya toshe ƙananan jijiyoyi: gani ya dusashe, kunne ya daina ji, ko gaban namiji ya miƙe ya ƙi kwanciya, wanda shi kansa lamarin gaggawa ne.

Idan aka shafa jinin a gilashi aka duba a madubin likita, abin ba ya kama da na mai ciwon ƙwayar cuta. Duk matakan girman nutrofil, farar ƙwayar jini mai cinye ƙwayoyin cuta, suna nan, daga ɗanye har nunanne, kamar an zazzage ɓargo cikin jijiya. Besofil, wani nau'in fararen ƙwayoyin jini wanda da ƙyar ake cin karo da shi a jinin mai lafiya, ya yi yawa. Amma ɗanyun ƙwayoyi na farko-farko, waɗanda likitoci ke kira bilast, 'yan kaɗan ne, galibi ba su kai kashi 2 cikin 100 ba. Wannan shi ne abin lura: ƙwayoyin suna nuna, suna iya kashe ƙwayoyin cuta, yawansu ne kawai ya wuce misali. Shi ya sa mutum ke iya yawo da cutar shekara 3 zuwa 5 ba tare da magani ba kafin ta rikiɗe.

Sunanta a takardun asibiti CML, wato sankarar jini ta ɓargo mai tafiya a hankali. Takan kama mutum 1 zuwa 2 cikin 100,000 a shekara, kuma ita ce kusan kashi 15 cikin 100 na sankarar jinin manya. A Turai da Amurka an fi ganinta a wajen shekara 60. Rahotannin asibitocin Afirka, har da na Najeriya, suna nuna masu shekara 30 zuwa 40 da wani abu. Ba a gadonta, ba a ɗaukarta a wurin wani. Abin da aka tabbatar yana jawo ta daga waje shi ne tururin nukiliya mai ƙarfi, kamar yadda aka gani a waɗanda suka tsira daga bom ɗin Hiroshima.

Yadda aka bi sawu

A 1960, Peter Nowell da David Hungerford, a birnin Filadelfiya, suka lura cewa ƙwayoyin masu wannan cuta suna ɗauke da wani guntun kiromosom, wato ƙunshin DNA mai ɗauke da umarnin gado, da bai kai 'yan uwansa ba. Aka raɗa masa sunan birnin. Shekara 13 ana zaton gutsurewa kawai ya yi, sai a 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta rina kiromosom da sabuwar dabarar da ke fito da zane-zanensu, ta ga musaya aka yi: ƙarshen kiromosom na 22 ya koma kan na 9, ƙarshen na 9 ya zo ya zauna kan na 22. Tun kafin wannan, a 1967, Philip Fialkow da abokan aikinsa sun duba mata masu CML da ke ɗauke da nau'i biyu na enzayim ɗin G6PD. Fatarsu tana da duka biyun, ƙwayoyin sankarar kuwa nau'i ɗaya tak. Ma'ana biliyoyin ƙwayoyin nan uwarsu ɗaya.

Ɗaya ɓangaren labarin daga ɓeraye ya fito. Akwai wani bairos da Herbert Abelson ya ware a 1970, mai haddasa sankarar ƙwayoyin B, wasu fararen ƙwayoyin jini na garkuwa, a ɓera. A 1980 aka nuna cewa furotin ɗin da bairos ɗin ke aiki da shi yana liƙa fosfet a kan tairosin, ɗaya daga cikin amino asid ɗin da ake gina furotin da su. A farkon shekarun 1980 aka gano cewa takwaransa na ɗan Adam, ABL1, yana zaune daidai inda kiromosom na 9 ke karyewa, kuma yana zuwa ya haɗe da wani umarnin gado a kan na 22 da aka kira BCR. Hujjar ƙarshe ta zo a 1990, lokacin da George Daley da Richard Van Etten da David Baltimore suka sa haɗaɗɗen umarnin, wato BCR-ABL1, a ɓargon ɓera, ɓeran ya kamu da cuta mai kama da CML.

Abin da kainis ke yi, da abin da ya lalace

Kainis enzayim ne mai buga hatimi. Yana riƙe ATP, sinadarin makamashin ƙwaya mai fosfet uku, a wani aljihu da ke tsakanin kafaɗunsa biyu, ya cire fosfet na uku, ya liƙa a jikin wani furotin. Jikin ɗan Adam yana da irinsu sama da 500, kusan 90 daga ciki a kan tairosin suke bugawa. Tairosin ɗin da aka buga wa hatimi yakan zama marataya: furotin masu wani yanki da ake kira SH2 suna zuwa su maƙale a wurin, su ma su kira wasu, da haka saƙo ke tafiya daga bangon ƙwaya zuwa cibiyarta. Akwai kuma fosfatis, masu goge hatimin. A lafiyayyar ƙwaya saƙon yakan yi 'yan mintuna ne ya mutu.

Ƙwayoyin garkuwar jiki sun fi kowa dogaro da wannan tsari, domin aikinsu ke nan: su hayayyafa da sauri idan cuta ta shigo, su mutu idan an gama. Uwar ƙwayoyin jini a ɓargo ba ta rabuwa sai an aiko mata da sinadarin kira, irin su IL-3 ko G-CSF. Sinadarin ya zauna a kan makarɓinsa, makarɓin ya tayar da kainis ɗin JAK2, shi kuma ya buga wa STAT5 hatimi, STAT5 ya shiga cibiya ya kunna umarnin rayuwa da rabuwa. In babu kira, ƙwayar ta kashe kanta. Injin hayayyafa yana nan a shirye koyaushe, izini kawai yake jira.

ABL1 na asali ɗaure yake, kuma ɗaurin nasa iri biyu ne. A farkon furotin ɗin akwai wata jelar kitse mai kabon 14, miristoyil, wadda ke lanƙwasowa ta nutse a wani rami a ƙasan kainis ɗin, kamar turke. Nutsewarta ce ke ba yankunan SH2 da SH3 damar mannewa a bayan kainis ɗin su riƙe kafaɗunsa kada su motsa, wannan shi ne dabaibayin. Karyewar kiromosom na 9 kusan kullum tana faruwa ne gabanin yanki na 2 na umarnin ABL1. Saboda haka yanki na 1, wanda ke ɗauke da wurin liƙa jelar, shi ake yarwa. Turke ya tafi.

Abin da ya maye gurbinsa ya fi rashinsa muni. Kan BCR yana da wani murɗaɗɗen yanki na amino asid kusan 70 wanda ke sa furotin ɗin su taru huɗu-huɗu. Kainis huɗu a manne da juna, ba mai riƙe su, sai su riƙa buga wa junansu hatimi. Hatimin da ke kan tairosin na 412 yana buɗe bakin aljihun ya bar shi a buɗe. Wanda ke kan na 245 yana hana SH3 komawa mazauninsa. Daɗin daɗawa, ABL1 na asali yana kai-komo tsakanin cibiya da wajenta, kuma a cibiya yana cikin masu sa ƙwaya ta mutu idan DNA ɗinta ya lalace. BCR-ABL1 kuwa a waje yake zama, inda wayoyin saƙon hayayyafa suke.

Daga nan hanyoyi suka rabu. A jikin BCR akwai tairosin na 177; da an buga masa hatimi sai GRB2 ya rataya, ya jawo SOS ya kunna RAS, ƙwaya ta shiga rabuwa. GRB2 ɗin dai yana jawo GAB2, wanda ke kunna PI3K da AKT, su kuma su danne furotin masu kashe ƙwaya irin su BAD da BIM. STAT5 kuwa kai tsaye BCR-ABL1 ke buga masa, bai jira JAK2 ba, sai BCL-XL ya ƙaru, ƙwayar da ya kamata ta mutu ta ƙi mutuwa. Sannan akwai CRKL da sauran furotin na mannewa: ƙwayoyin ba sa riƙe bangon ɓargo da kyau, suna zubowa jini tun ba su nuna ba, su je su yi sansani a saifa. Babu ko ɗaya cikin hanyoyin nan da sankara ta ƙirƙira. Duk na lafiyayyar ƙwaya ne, bambancin kawai ba a kashe su.

Gwaje-gwaje uku sun isa nuna cewa aikin kainis ɗin ne tushen cutar, ba tarkacen da ke biye da ita ba. Akwai ƙwayoyin ɓera na ɗakin bincike, Ba/F3, da ke mutuwa idan aka janye musu IL-3; in an sa musu BCR-ABL1 sai su ci gaba da yaɗuwa ba IL-3. Idan aka canja lisin guda ɗaya a aljihun ATP, kainis ɗin ya mutu, furotin ɗin ba ya haddasa cuta a ɓera. Idan kuma tairosin na 177 aka canja, cutar ɓargo takan yi rauni ƙwarai.

Amma kainis kaɗai bai isa ba, sai ya faɗa a ƙwayar da ta dace. A tsakiyar shekarun 1990 an yi amfani da gwaji mai tsananin gani an samu ɓurɓushin BCR-ABL1 a jinin wasu manya lafiyayyu da ba su da cutar. Bayanin da ya fi kama hankali shi ne haɗuwar ta faru a ƙwayar da kwanakinta ƙidayayyu ne, ta mutu da abinta. Sai ta faru a uwar ƙwayoyin jini, mai sabunta kanta har ƙarshen rayuwar mutum, sannan take zama cuta. Shi ya sa a mai CML ake samun kiromosom ɗin Filadelfiya a nutrofil, da monosait, da iyayen jajayen ƙwayoyi, da masu haifar da ƙwayoyin daskarar da jini, har da wasu ƙwayoyin B, amma da wuya a ƙwayoyin T.

Tabbatarwa

Ƙirgar jini tana sa zato ne kawai. Tabbaci sai an ga haɗuwar. A ɓargo ana duba kiromosom na aƙalla ƙwayoyi 20 da ke tsakar rabuwa. Wannan yana nuna na Filadelfiya a kashi 90 zuwa 95 cikin 100, kuma shi kaɗai ke nuna ƙarin lalacewar wasu kiromosom. Sauran, waɗanda haɗuwarsu a ɓoye take, sai da gwajin FISH ko PCR, masu neman haɗaɗɗen umarnin kai tsaye. Wajibi ne tun ranar farko a san wane nau'in haɗuwa ne. Mafi yawa e13a2 ne ko e14a2, duka suna ba da furotin p210, mai nauyin kilodalton 210. Akwai e1a2 mai ba da p190, wanda aka fi gani a zazzafar sankarar ƙwayoyin B, da e19a2 mai ba da p230. Kuskuren da ake yi shi ne a tsallake wannan mataki. Gwajin PCR na yau da kullum p210 kawai yake gani, don haka mai baƙon nau'i zai riƙa karɓar sakamakon "ba a gani ba" alhali cuta na nan daram.

Kafin magani ana duba ciwon hanta nau'in B, domin magungunan nan suna iya tayar da wanda ya kwanta, kuma a Afirka ta Yamma masu ɗauke da shi ba kaɗan ba ne. Yayin jiran sakamako akan ba da hydroxyurea don sauke ƙirga, da allopurinol da ruwa mai yawa saboda yurik asid ɗin da ƙwayoyin da suka mutu ke zubarwa. Hydroxyurea yana gyara ƙirga, saifa ta koma, mutum ya ji ya warke. Bai taɓa kainis ɗin ba, kuma bai jinkirta rikiɗewar cutar ba. Wanda aka bari a kansa shekaru an yi masa adon gari ne kawai.

Toshe aljihun

A kamfanin Ciba-Geigy na Suwizalan, wanda daga baya ya zama Novartis, Nicholas Lydon da Jürg Zimmermann da Elisabeth Buchdunger suka haɗa wani sinadari da daga baya aka sa wa suna imatinib, Brian Druker na jihar Oregon ya gwada shi a ƙwayoyin masu cutar. Masana da yawa sun yi tababa, da hujjarsu: duk kainis aljihun ATP ɗinsu kusan iri ɗaya ne, wanda ya toshe ɗaya zai toshe sauran ya kashe mutum. Abin da ya fitar da imatinib shi ne ba ya kama kainis a buɗe. Yana kama shi ne a rufe, lokacin da wasu amino asid uku da ake kira DFG suka juya waje suka bar wani lungu a gefen aljihun. Kainis a buɗe duk sun yi kama, a rufe kuwa kowa da irin kwanciyarsa. Ban da ABL1, kaɗan ne ke shiga hannunsa, musamman KIT da PDGFR.

An fara gwaji a mutane a 1998. Cikin 54 da suka sha miligiram 300 ko fiye a rana, ƙirgar jinin 53 ta dawo daidai, galibi cikin mako 4. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a watan Mayu na 2001. Babban gwajin IRIS, mai mutum 1,106, ya nuna bayan shekara 10 kusan kashi 83 cikin 100 na waɗanda suka fara da imatinib suna raye. A Najeriya, shirin ba da Glivec (sunan kasuwa na imatinib) kyauta da Max Foundation ke kula da shi ya daɗe yana gudana ta asibitin koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, kuma nisan tafiya daga Arewa yana cikin abin da ke sa magani ya yanke wa mutane.

Ma'aunin da aka saba shi ne miligiram 400 sau ɗaya a rana, da abinci da babban kofin ruwa. Kumburin fatar ido da safe, ɗaurewar tsoka, da tashin zuciya su ne koke-koken da aka fi ji. A baƙar fata akwai wani da littattafan Turai ba su cika damuwa da shi ba: fata takan yi haske, domin ƙwayoyin launi da KIT suke aiki. Gara a faɗa wa mutum tun farko, kada surutun 'yan unguwa ya sa ya ajiye magani. A watannin farko ƙirga takan faɗi, saboda ɓargon da ya rage mai lafiya kaɗan ne. Idan nutrofil ya sauka ƙasa da 1,000 ko ƙwayoyin daskarar da jini ƙasa da 50,000, a dakata har su kai 1,500 da 75,000, sannan a koma. Mai ciki ba ta shan sa, yana lahanta ɗan tayi; intaferon ake komawa in da buƙata.

Ana auna nasara da PCR na jini duk wata 3, a ma'aunin ƙasa da ƙasa, wato yawan saƙon BCR-ABL1 idan aka kwatanta da na wani umarni na awo, galibi ABL1. Ƙa'idar Turai ta 2020 tana son kashi 10 cikin 100 ko ƙasa a wata 3, kashi 1 a wata 6, kashi 0.1 a wata 12. Wanda ya haura 10 a wata 6, ko ya haura 1 a wata 12, maganin ya gaza. Sakamako ba ya da daraja sai an duba adadin umarnin awon: ba a cewa an kai zurfin 0.01 in kwafin ABL1 bai kai 10,000 ba, ko 0.0032 in bai kai 32,000 ba. Jinin da ya yi kwanaki a hanya cikin zafi RNA ɗinsa ya ruɓe, sai ya ba da "ba a gani ba" na ƙarya. Na'urar GeneXpert, wadda shirin tarin fuka ya baza a asibitoci da yawa, tana da harsashin gwajin BCR-ABL1, kuma ta rage wannan matsala inda ake samun harsashin.

Idan lamba ta ƙi sauka

Kafin a zargi kainis, a tambayi ko maganin yana isa gare shi. A asibitin Hammersmith na Landan an sa wa kwalaben marasa lafiya 87 murfi mai ƙirga buɗewa. Waɗanda suka sha fiye da kashi 90 cikin 100 na maganinsu, sama da kashi 90 ɗinsu sun kai 0.1 cikin shekara 6; waɗanda suka gaza haka, ƙasa da kashi 30. Tsallake kwana 3 a wata ya isa ya jefa mutum a rukuni na biyu. Rabin imatinib yana barin jini cikin awa 18, saboda haka kwana biyu ba magani, kainis ya koma bakin aiki.

Sai haɗuwar magunguna. Enzayim ɗin hanta CYP3A4 ne ke narka imatinib, rifampicin na tarin fuka kuwa yana ƙara masa ƙarfi har yawan imatinib a jini ya faɗi da kusan kashi 70 cikin 100. Phenytoin da carbamazepine na farfaɗiya ma haka. Dasatinib yana buƙatar tsamin ciki kafin ya narke, don haka omeprazole ɗin da ake saye a kemis saboda olsa yana kashe masa ƙarfi. Nilotinib akasin imatinib ne: ba a ci awa 2 kafinsa, ba a ci awa 1 bayansa, domin abinci na ƙara shigarsa jini har ya taɓa bugun zuciya. Mai shan sa sau biyu a rana, lissafin azumi sai an zauna da likita.

In duk wannan ya fita, sai a karanta umarnin kainis ɗin. Cikin biliyoyin ƙwayoyi akwai 'yan kaɗan da suka riga suka samu canjin harafi. Magani bai haifar da su ba, ya share musu fili ne. Tsohuwar hanyar Sanger ba ta ganin canji sai ya kai kashi 15 zuwa 20 cikin 100, sabbin na'urori suna gani tun yana wajen kashi 3. Canje-canjen Y253H da E255K da E255V suna kan madaukin da ke rufe ATP, suna hana kainis irin kwanciyar da imatinib ke so. Su da F359V ba sa jin nilotinib sosai, dasatinib ake ba su, miligiram 100 a rana, shi da ke iya kama kainis a buɗe. F317L da V299L kuwa dasatinib ne ba sa ji, sai a koma nilotinib. Kowanne da kuɗin da ake biya: dasatinib yana tara ruwa a kewayen huhu ga kusan mutum 1 cikin 4 a shekara 5, nilotinib yana ta da sukari da toshe jijiyoyin jini, bosutinib gudawa.

T315I shi ne mai taurin kai. Ɗakin binciken Charles Sawyers ya bayyana shi a 2001. Harafi ɗaya ne ya canja, ACT ya zama ATT, sai aisolusin ya zauna a gurbin tiriyonin na 315, a bakin lungun da magani ke shiga. Tiriyonin yana da hannun oksijin da imatinib ke riƙewa. Aisolusin ba shi da shi, ga shi ya fi girma, ya tare ƙofa. ATP kuwa yana shiga abinsa. Imatinib, dasatinib, nilotinib, bosutinib, duk sun faɗi a nan. Ponatinib, na 2012, an ƙera shi da siririn wuya na kabon biyu masu ɗauri uku, wanda ke zamewa ta gefen aisolusin. Yana aiki, amma toshewar jijiyoyin jini ta sa an dakatar da sayar da shi na ɗan lokaci a Amurka a 2013; yanzu ana farawa da miligiram 45, a sauke zuwa 15 da zarar lamba ta kai kashi 1. Asciminib, na 2021, bai kula aljihun ATP ba sam. Ramin jelar miristoyil ɗin nan da ya zauna fanko tun ranar da kiromosom ya karye, nan yake shiga, ya mayar da dabaibayin. Ana shan miligiram 80 a rana, mai T315I kuwa 200 sau biyu. Tunda da SH3 yake ɗaurewa, nau'in haɗuwar da ya rasa yanki na 2 na ABL1, irin e13a3 da e14a3, ba ya jin sa.

Rikiɗewa

Dalilin da ya sa ake matsa wa lambobin wata 3 da wata 6 shi ne kainis ɗin ba hayayyafa kawai yake sawa ba. Yana ƙara gurɓataccen oksijin mai cin DNA, yana karkata gyaran karaya zuwa hanyoyi masu kuskure, sannan ya hana ƙwayar da ta lalace mutuwa. Yawan ƙwayoyin da kainis ke aiki a cikinsu, a ninka da tsawon lokaci, shi ne yawan damar samun lalacewa ta biyu: ƙarin kiromosom na 8 ko na 19, na Filadelfiya na biyu, rasa TP53, ko canji a RUNX1 da ASXL1. Waɗannan su ke tsayar da nuna. Idan bilast ya kai kashi 20 cikin 100 a ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, ko 30 a na Turai, cutar ta zama zazzafa.

Kusan kashi 2 cikin 3 na rikiɗewar ta layin ɓargo ce, ragowar ta ƙwayoyin B, kuma wannan ta biyun tana nuna wani haɗari da ƙwayoyin garkuwa kaɗai ke da shi. Ƙwayar B mai tasowa da gangan take yanka DNA ɗinta da almakashin RAG1 da RAG2 don haɗa umarnin garkuwa iri-iri. A ƙwayar da BCR-ABL1 ya hana mutuwa, almakashin yakan kauce ya yanki wuraren da suka yi kama da alamarsa. Wanda ya fi shan yanka shi ne IKZF1, mai ba da Ikaros, furotin ɗin da ke tura ƙwayar B ta nuna. Charles Mullighan da abokansa sun nuna a 2008 cewa ya ɓace a sama da kashi 80 cikin 100 na zazzafar sankarar B mai kiromosom ɗin Filadelfiya, kuma babu wannan rashi a CML mai sanyi, sai bayan ta rikiɗe. A wannan mataki toshe kainis yana ba da sauƙi na 'yan watanni ne. Sai an haɗa da kemo, a kuma nemi dashen ɓargo daga wani idan hali ya yi.

Ajiye magani

Uwar ƙwayoyin da ke ɗauke da BCR-ABL1 tana da wata ɗabi'a mai ban haushi: ko an kashe kainis ɗin a cikinta, ba ta mutuwa. A kwance take a lungun ɓargo, tana rayuwa da saƙonnin maƙwabtanta. 'Ya'yanta ne suka kamu da jarabar kainis, ba ita ba. Duk da haka, a gwajin STIM na Faransa da François-Xavier Mahon ya jagoranta, wanda aka buga a 2010, mutum 100 da gwaji ya daina ganin cutarsu na aƙalla shekara 2 sun ajiye imatinib, kusan kashi 40 cikin 100 ba ta dawo musu ba. Waɗanda ta dawo wa, galibi cikin wata 6 na farko ne, kuma sun sake jin magani da aka mayar da su. Wasu da suka ajiye ana ganin ɗan ɓurɓushi a jininsu shekaru bai ƙaru ba, kuma an lura cewa masu yawan ƙwayoyin NK, wasu ƙwayoyin garkuwa masu kashe ƙwayar sankara, sun fi dacewa.

Sharuɗɗan ba na wasa ba ne: cutar ba ta taɓa rikiɗewa ba, nau'in haɗuwar wanda PCR ke gani ne, an sha magani shekara 3 aƙalla (Turawa sun fi son 5), an zauna a 0.01 ko ƙasa na shekara 2 ko fiye. Bayan ajiyewa, PCR duk wata na wata 6, duk wata 2 har shekara ta cika, daga nan duk wata 3 ba ranar dainawa. Da lamba ta haura 0.1 a koma magani, ba a jiran ƙirgar jini ta motsa. Kusan mutum 1 cikin 4 yakan yi ciwon gaɓoɓi da tsoka na wasu makonni ko watanni bayan ajiyewa, kuma ba alamar dawowar cuta ba ne. Inda ba a da tabbacin PCR duk wata da sakamako cikin mako 2 zuwa 4, ba a fara wannan gwaji.